Haruffa Biyu da Ake Rainawa

'Ya'yana masu wasan Scrabble, da ku da kuka fara a ƙungiyar makaranta da ku da kuka koya a waya, akwai wata kalma da nake so mu zauna a kanta. Haruffanta biyu ne tak, Q da I. A allon wasa makinta 11, goma na Q, ɗaya na I. Na daɗe ina ganin matasa suna sakin wasan da ya riga ya zo hannunsu don ba su san da ita ba. Na kuma ga waɗanda suka san ta, suna buga ta dare da rana, amma in ka tambaye su me take nufi sai su yi shiru. Dukansu asara suke yi, kuma asara ce da ake iya kauce mata cikin sauƙi.

Sai kun fara sanin abin da ya sa Q take da nauyi haka. Wanda ya ƙirƙiro wasan, Alfred Butts, mai zanen gine-gine ne a Amurka da ya rasa aiki a lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930. Ya zauna yana ƙirga haruffa a jaridu don ya gane wanne ne ya fi yawa a Turanci, wanne ne ba a cika gani ba, ya raba maki a kan haka. Wani mai suna James Brunot ne ya karɓi wasan daga baya, ya sa masa suna Scrabble a 1948. A cikin ƙwayoyi 100 da ke jaka, E guda 12 ce, kowace maki ɗaya. Q kuwa ɗaya ce tilo, makinta goma, daidai da Z. Matsalar ita ce a Turanci Q kusan ba ta tafiya sai da U a bayanta, ga shi U huɗu ce kawai a jakar gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan sabon ɗan wasa ya gani. Yaro ya sa hannu a jaka ya zaro Q. Fuskarsa ta washe, ya tura ta can ƙarshen ɗan katakon da yake jera haruffansa, yana ta satar kallonta. A ransa ya riga ya gina QUEEN ko QUIZ a kan jan gidan nan mai ninka kalma sau uku. Daga nan ya koma wasa da haruffa shida maimakon bakwai, domin ta bakwai ɗin ta zama baƙuwar da ba ta tashi. Zagaye ya wuce, wani ya wuce, U ba ta zo ba. Abokin karawarsa ya buga U ɗaya a wata kalma, ya sake buga ta biyu a lungun da ba a iya raɓa. Duk tsawon lokacin nan yaron ba shi da damar samun ƙarin maki 50 da ake ba wanda ya zubar da haruffansa bakwai a bugu ɗaya. Da jaka ta ƙare, abokin karawa ya gama nasa haruffan, sai a cire masa goma saboda Q da ta kwana a hannunsa, a ƙara wa wancan goma. Tazarar maki ashirin ke nan a numfashi ɗaya, ban da abin da ya zube a hanya. Alhali tun zagayen farko akwai I a allo tana zaune, da gurbi a gabanta.

Ɗana, wannan shi ne zaman jiran gawon shanu. I guda tara ce a jaka, don haka da wuya a yi nisa a wasa ba ka samu inda za ka sauke Q ba. Sauke ta, karɓi makinka, zaro sabon harafi, ka ci gaba da haruffa bakwai masu aiki. Kuma kada ka ɗauka 11 ɗin nan shi ne iyakarta. A allon akwai gidaje 12 masu ninka harafi sau uku. In Q ta hau ɗaya daga cikinsu ta zama 30. In ka yi dace ko ka yi dabara har ta haɗa QI a kwance da QI a tsaye daga gida guda, sai a ƙirga ta sau biyu, 31 da 31, maki 62 da ƙwaya biyu ko ma ɗaya. Kalmomi masu haruffa shida da yawa ba sa kai rabin haka. Wannan lissafin kuma yana da ɗaya fuskar: muddin Q ba ta fito ba, kuma ba a hannunka take ba, kada ka ajiye I a jikin gida mai ninka harafi. Shimfiɗa ce ka yi wa abokin karawarka. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda irin wannan ne shigar QI cikin jerin kalmomin gasa na Amurka a 2006 ta sauya yadda ake wasan a can. 'Yan wasan Ingila sun riga su samunta da shekaru. Ita ce kaɗai kalma mai haruffa biyu da ke ɗauke da Q, kuma ana lissafa ta cikin waɗanda aka fi bugawa a gasa. Tana karɓar S a bayanta ta zama QIS. A ƙamus ɗin Collins, wanda shi ake bi a gasar Najeriya da ta duniya, tana karɓar N ta zama QIN, sunan wani kayan kiɗa mai tsirkiya na ƙasar Sin.

Na san abin da ke jan ku zuwa ga manyan kalmomi. Tun daga muhawarar firamare aka saba tafa wa wanda ya fi jibgo dogon Turanci, ko da rabin masu tafin ba su fahimci abin da ya ce ba. Da wannan tarbiyyar kuke zuwa gaban allo, kuna jin kunyar buga kalma mai haruffa biyu kamar wanda aka kama da rashin ilimi. Ku dubi waɗanda suka kai ƙololuwa. A watan Nuwamban 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ɗan jihar Delta ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu ba ko ɗaya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na Scrabble. Bayan nan jaridar Wall Street Journal ta yi rahoto a 2016 cewa 'yan wasan Najeriya sun yi fice da son gajerun kalmomi. Wasu masana wasan sun ce an kambama maganar, domin su ma 'yan Najeriyar suna zuba kalmomi masu haruffa bakwai in dama ta samu, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amma hikimar da ke cikin batun tana nan daram. Doguwar kalma tana buɗe hanya zuwa jajayen gidaje takwas da ke gefen allo, tana ba wanda ke gabanka wuraren rataya. Gajeruwa tana shiga ta kwanta a jikin wata, ta ci maki ta fuska biyu, ta bar ƙofa a rufe, ta kuma bar maka haruffa masu kyau a hannu don bugu na gaba. Gwani ba ya tambayar wace kalma ce za ta burge 'yan kallo. Abin da yake dubawa shi ne me zai samu yanzu, me zai rage masa, me zai bar wa abokin karawa.

Yanzu kuma ga ku da kuka riga kuka haddace ta. Ku ne ma kuka fi damuna, domin kun yi rabin aikin kun tsaya, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

QI kalmar Sinanci ce. Furucinta ya yi kusa da "ci" na Hausa, ba "ki" ba kamar yadda nake jin da yawanku suna faɗa. Asalin ma'anarta iska, ko numfashi, ko tururi. A tsohon salon rubutun Sinawa, in ka dubi alamarta za ka ga zanen tururi a sama da zanen shinkafa a ƙarƙashinsa. Har yau kalma ce ta yau da kullum a bakinsu: yanayin gari, zafi ko sanyi ko hadari, sunansa qi na sama, wanda ya fusata kuwa sai su ce ya haifar da qi. Daga wannan ma'ana ta numfashi masu falsafa da masu maganin gargajiyarsu suka faɗaɗa ta, tun fiye da shekara dubu biyu, ta zama sunan wani ƙarfin rayuwa da suka yi imani yana zagaya jikin mutum ta wasu hanyoyi. A wurinsu in ya gudana daidai lafiya ta samu, in ya toshe ciwo ya zo. Maganin da suke yi na soka siraran allurai a jiki an gina shi a kan wannan fahimta. Da wannan ma'ana ta biyu ce kalmar ta shiga ƙamus ɗin Turanci.

A nan ina so in tsaya kaɗan, domin wata ɗaliba ta taɓa tambayata, da damuwa a fuskarta, ko ya halatta ta riƙa buga kalmar da ta fito daga aƙidar wasu mutane. Tambaya ce ta mai hankali, kuma na ji daɗin da ta yi ta. Abin da na faɗa mata shi zan faɗa muku. Sanin ma'anar kalma daban, gaskata abin da masu ita suka gaskata daban. Kimiyyar likitanci ba ta samu wani abu da za ta auna a jiki ta ce ga qi ba, kuma ba wanda ya ce ki yarda da shi don kin ajiye ƙwaya biyu a allo. Amma sanin yadda mutanen Sin suka daɗe suna kallon lafiya da ciwo ilimi ne, kuma zai yi miki amfani ran da wani ya zo yana tallar magani da sunan nan yana neman kuɗinki. Wadda ta san kalmar ita ce ba za a ruɗa da ita ba.

To me ya kawo Q a kalmar da ake furtawa da "c"? A da Turawa suna rubuta ta da ch, bisa wani tsari da wasu 'yan Ingila biyu, Wade da Giles, suka shimfiɗa tun ƙarni na 19. A 1958 gwamnatin Sin ta amince da nata tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko, mai suna pinyin, wanda Zhou Youguang ya jagoranci aikinsa. Sinanci yana da sautuka masu kama da juna da yawa a wannan wuri na baki, haruffan boko kuma ba su wadatar ba, sai aka ɗauki Q, wadda ba ta da wani aiki, aka ɗora mata ɗaya daga ciki. Tsarin nan ne ya mayar da Peking ta zama Beijing a jaridun duniya. Ke nan maki 62 da kuke murna da su sun biyo ta hanyar shawarar da wasu malamai suka yanke a kan yadda za a sauƙaƙa wa jama'arsu karatu. Japanawa ma sun ari kalmar tun da can, suna ce mata ki, kuma KI tana cikin ƙamus ɗin wasa, makinta shida.

Ku yi hattara da labaran asalin kalmomi da ke yawo a waya. Za ku ji ana cewa "chi" da ke cikin sunan motsa jikin nan na tai chi ita ce wannan qi ɗin. Ba ita ba ce. Wata kalma ce daban, da alama daban a rubutunsu, mai nufin matuƙa ko ƙarshen iyaka. Tsohon rubutun Turawa ne ya sa suka yi kama. Irin wannan labari yana da daɗin ji, shi ya sa yake gudu. Kafin ku tura wa wani, ku buɗe ƙamus mai kawo asalin kalma ku duba. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan batu shi ne abin da ke gaba, kuma ina so ku ba shi hankalinku. Harafin Q ba baƙo ba ne a wurinku kamar yadda kuke zato. Gaskiya ne babu shi a bokon Hausa. Amma asalinsa wani harafi ne na mutanen Finiƙiya, 'yan kasuwar gaɓar Bahar Rum, kuma ɗan'uwa ne ga ƙaf na Larabci, ƙaf ɗin da kuka wanke a allo tun kuna ƙanana, wanda da shi ake rubuta ƙ a ajami. Ya bi ta hannun Girkawa ya isa ga Rumawa, su ne suka ɗaure shi da U. Bayan Faransawan Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, marubutansu suka kawo al'adar, har kalmar sarauniya da Ingilishi na da yake farawa da cw ta koma farawa da qu. Wato dokar Q sai da U al'adar Latin ce. Kalmomi da dama da suka shigo Turanci daga Larabci da ƙaf a cikinsu ba ruwansu da wannan doka.

Ku duba abin da ke cikin ƙamus ɗin Collins. QADI, maki 14, shi ne alƙali, daga tushe ɗaya suka fito. QIBLA, alƙibla, maki 16. NIQAB, niƙabi, 16. WAQF, waƙafi, 19. FIQH, fiƙihu, 19. QASIDA, ƙasida. TALAQ, saki. Ɗan wasan Landan sai ya zauna ya haddace waɗannan kamar lambar waya, jerin haruffa marasa ma'ana a kunnensa, yana mantawa yana komawa. Ke kuwa 'yata, tun a Islamiyya kika san su, kin san abin da kowace take nufi, abin da ya rage miki kawai ki ga yadda Bature ya rubuta ta. Harafin da ya fi tsorata 'yan wasa a duniya, ke da guzurinsa kika zo daga gida. Na sha ganin matasanmu suna shiga gasa a takure, suna jin cewa wasan na waɗanda suka tashi da Turanci a baki ne, suna ɗaukar karatun allo da Hausarsu kamar kayan da ake ajiyewa a bakin ƙofa kafin a shiga. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ya san asalin kalmomi ne kaɗai zai gane cewa abin da ya taso da shi yana da kasuwa a allon nan.

Za ku ce mini, ai Nigel Richards ba ya jin Faransanci. Haka ne. Wannan mutumin New Zealand, wanda da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin ɗan wasa kamarsa ba, ya haddace ƙamus ɗin Faransanci cikin 'yan makonni ya ci kofin duniya na harshen a 2015, ya kuma maimaita haka da Sifaniyanci a 2024. Baiwa ce Allah ya yi masa, kuma ba na rage masa komai. Amma irinsa ɗaya ne a cikin miliyoyi, kuma shi abin da yake nema kofi ne. Kai fa? Kana da jarrabawa a gabanka, kana da takardar neman aiki da za ka rubuta, wata rana za a miƙo maka yarjejeniya a ce sa hannu. Awannin da kake kashewa a kan allo, in ka haɗa su da ma'ana, suna biyanka sau biyu: ka ci wasa, ka kuma fita da harshe. In haddar haruffa kawai ka yi, ran da ka daina wasan sai su zube su bar ka kamar ba ka taɓa buɗe ƙamus ba. Ban da haka ma, ga mu talakawan ƙwaƙwalwa, kalmar da aka san labarinta ta fi zama a kai. Wanda ya ji batun tururi da shinkafa sau ɗaya ba zai sake manta QI ba.

Akwai kuma batun gaskiya a wasa, wanda gajerun kalmomi suka fi jarraba shi. Da yake suna da kama da ƙirƙira, wasu sukan ajiye haruffa biyu da suka san ba kalma ba ce, su ɗaure fuska, suna fatan abokin karawa zai ji nauyin ƙalubalanta. A gasa in aka ƙalubalanci kalma aka tarar babu ita, sai ka kwashe haruffanka, bugunka ya tafi a banza. In kuwa akwai ta, a dokar gasar duniya wanda ya yi ƙalubalen ne ake ci tarar maki biyar. Wanda ya san jerin nan da kyau ba a yi masa wannan wayo, shi kuma ba ya bukatar yi wa kowa. Kafin a zuba ƙwaya a jaka ku yi ittifaƙi a kan ƙamus ɗin da za a bi, domin wasannin waya da yawa jerin Amurka suke amfani da shi, kuma akwai kalmomin Collins da babu su a can. Na ga abokai sun ɓata a kan haruffa biyu, alhali kowannensu yana da gaskiya bisa ƙamus ɗin da ya saba da shi.

Aikin ba shi da yawa. A bugun Collins na 2019 kalmomi masu haruffa biyu guda 127 ne, kuma da dama daga cikinsu kun riga kun san su. Ku sami ɗan littafi, kowace kalma ku ba ta layi: ma'anarta, harshen da ta fito, da haruffan da take karɓa a gaba da baya. Biyar a rana sun isa. Za ku tarar AA sunan wani irin dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari, daga harshen mutanen Hawai. ZO dabba ce ta ƙasar Tibet, barbarar saniya da wani sa mai gashi na tsaunukansu. XU ƙaramin kuɗi ne na Biyetnam. JO masoyi ne a bakin mutanen Sikotilan. OK da muke faɗa kullum sai a wannan bugu na 2019 aka yarda da ita, bayan ta yi shekara 180 tana yawo tun fitowarta a wata jaridar Boston a 1839. Za ku kuma lura babu ko ɗaya mai V a cikin jerin, don haka V ce harafin da ake toshe hanya da shi in kana gaba da maki kana so ka rufe allo. In kun gama da masu haruffa biyu, ku wuce zuwa masu uku da ke ɗauke da J, Q, X da Z, ku riƙa yi wa juna tambaya kafin a fara wasa, wanda ya kawo kalma ya kawo ma'anarta tare da ita.